Miliyan Ɗaya da Uku

Zuwa ga Yaya,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina aiki? Ya matarka da yara? Mu dai da sauƙi, sai mantuwar Baba da ke ta ƙaruwa. Shekaranjiya sau biyu ya tambaye ni ko na ga Inna, Allah ya jiƙanta.

Lissafi kuwa yana nan daram, ka san malamin da ya ƙare rayuwarsa a gaban allo. Ya samo alli ya rubuta miliyan ɗaya da uku a bangon ɗakinsa, wai sai ya gano ko tana cikin masu taurin kai, lambobin nan da ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. Biyu da biyar ya sallame su da kallo kawai. Bakwai, sha ɗaya da sha uku kowacce ta bar saura huɗu, abin ya ba shi dariya har da tari. Kullum da safe yana wanka, ya ci abinci, ya tsaya gaban bangon. Ni da na sha dukan lissafi a makaranta, yanzu ni ce mai riƙe tsumman gogewa.

Ya ce daga ɗari biyar zuwa dubu rabonka ne, shi zai kira lamba kai ka raba, yadda kuka saba kana yaro. Ya bar maka gefen taga fes. Don Allah ka nemi hutu ka zo tun yana gane mu.

Ka gaida mutanen gida.
Taka, Auta

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa, ina fata kuna lafiya. Saƙonka ya iso, na kuma ji uzurin aiki. Na san da kyakkyawar niyya ka sa lambar a kwamfuta don ka hutar da shi. Ni ma da rawar jiki na karanta masa cewa mai taurin kai ce, babu abin da ke raba ta.

Ya daɗe yana kallon gefen tagar. Sannan ya ce, "To, ke nan ba sai ya zo ba." Ya miƙo mini allin.

Tun ranar bai sake tsayawa gaban bangon ba. Abinci sai da lallashi, wanka sai da rigima. Na rubuta masa wata lambar, doguwa, ya dube ta ya kau da kai. Wallahi Yaya, raina ya ɓaci da kai, ya ɓaci da ni, kuma tsoro nake ji.

Jiya ina shafa masa mai a ƙafa na ce kana gaishe shi. Ya amsa da fara'a, ya sa maka albarka, sannan ya tambaye ni a wace shekara ya koyar da kai.

Allah ya sada mu da alheri.
Ƙanwarka, Auta