Kwana Goma Sha Ɗaya Ina Jira Ya Fara Magana

Assalamu alaikum, mai wannan fili. Ki taimake ni da shawara kafin in yi abin da zai zame mini da-na-sani.

Shekara talatin na yi ina koyarwa a sakandare, ban taɓa zaton zan kawo ƙarar miji jarida ba. To, ga ni. Maigidana mai gyaran famfo ne, ya ajiye aiki. Shekararmu arba'in da ɗaya tare, kuma muna da tsarinmu: in muka saɓa, ni ke ɗaukar gaba, shi ke karya ta. Bai taɓa wuce kwana biyu ba. Zai leƙo kicin yana tambayar Malama ko ta ga sifanarsa, alhali ga sifanar nan tana leƙe daga aljihunsa. Ni kuma in ce ya duba inda ya ajiye hankalinsa. Shi ke nan, an shirya.

Yau kwana goma sha ɗaya. Jikarmu ce ta kawo masa sakamakon jarrabawarta, ya duba ya miƙa mata, ko madalla babu. Yarinya ta fita da hawaye. Na faɗa masa maganganu, na kama bakina, ina jira. Yana nan a kujerarsa bakin taga, hannu bisa gwiwa. In na ajiye abinci ya ci, in ban ajiye ba ba zai nema ba. Famfon banɗakinmu wata biyu ke nan yana ɗiga, a gidan mai gyaran famfo.

Ba zan ɓoye miki ba, bara an ɗauki hoton ƙwaƙwalwarsa don tafiyarsa ta canza, yana jan ƙafa da gajerun taku. Likita ya nuna mana wasu fararen tabo, ya ce ƙananan jijiyoyin jini ne suka tsufa, a kula da hawan jini. Da na ji tsufa ne sai na jefa takardar asibitin cikin akwati. Ai bai manta komai ba, in ka tambaye shi har lambar motarmu ta farko zai kawo. To wanda bai manta ba, kuma bai kula ba, me ke nan? Babbar 'yarmu ta ce in je wurinta wata guda, ko ya san darajata. Na haɗa jaka. Tambayata ɗaya ce, kuma da furfurata ina jin kunyarta: daina so na ya yi?

Malama Mai Jira

AMSA

Wa alaikumus salam, Malama. Ajiye jakar tukuna, ki ɗauko takardar nan daga akwati.

Ni ba likita ba ce, amma ga abin da masana ke cewa. Can cikin ƙwaƙwalwa akwai farin ɓangare, wato hanyoyin da saƙo ke bi daga wani sashe zuwa wani. Jijiyoyi sirara kamar gashi ne ke shayar da su jini. In shekaru suka ja, musamman ga mai hawan jini ko ciwon suga, sai jijiyoyin su yi tauri su tsuke, su kasa buɗewa lokacin da ake buƙatar ƙarin jini. Maigidanki zai fi ni ganewa: babban bututu yana lafiya, ƙananan da ke cikin bango ne suka cushe. Hanyoyin sai su lalace, su ne tabon da kuka gani. Mutum na iya tuna komai, amma tunani ya yi nauyi, kuma sau da yawa abin da ke tafiya shi ne yunƙurin farko: fara tashi, fara murna, fara magana. Kin ga ke nan, abin da kike jira ya yi shi ne mai yiwuwa ciwon ya ɗauke masa.

Ɓacin ranki gaskiya ne, na jikarku ma haka. Ki zaunar da ita ki yi mata bayani, za ta gane. Kuma kada mu ɗora wa tabo komai. Ku koma wurin likita cikin makon nan, ki faɗa masa abin da kika faɗa mini, a duba ciwon damuwa, da jin kunnensa, da magungunan da yake sha. Maganin hawan jini kullum ne, ba sai kai ya sara ba. Ku riƙa ɗan tattaki tare. Abin da ya lalace da wuya ya dawo, amma ana iya rage masa gudu. In bakinsa ya karkace ko magana ta sarƙe farat ɗaya, asibiti nan take.

Zuwa wurin 'yarki hakkinki ne, mai jinya ma tana gajiya. Amma ki je don hutu, bayan kin bar mai kula da shi. In don horo ne, ke kaɗai za ki ji a jikinki.

Batun so kuwa, ba ni da ma'auninsa, hoton asibiti ma bai nuna shi. Abin da na sani, bawan Allah nan ya shekara arba'in yana sauke girman kai dominki. Yanzu layi ya zo kanki. Ki ja kujera kusa da tasa, ki yi masa tambaya ɗaya gajeriya, sannan ki ƙirga ashirin a zuci kafin ki ce babu amsa.

Allah ya ba shi sauƙi, ke kuma ya ba ki haƙurin ƙirgen.