Ɗiyata Ta Ce Ba Ta So, Ni Na Mayar da Ita

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana, kuma don Allah ku ji ni kafin ku zage ni.

Malamin lissafin da na ba amanar ɗiyata ya ci amanar. Amma rabin laifin nawa ne, ko uwarta ba ta sani ba.

Aji huɗu na tsaya a firamare, lokacin da ruwan dam ya cinye gonarmu a wajen Maradun muka dawo Talata Mafara. Tun daga nan duk mai riƙe da alli gani nake ya fi ni. Sana'ata ba da hayar littattafan soyayya a bakin kasuwa, in babu ciniki ni ma in karanta a hankali. Da yawansu labarin ɗaya ne: malami ya ga ɗaliba, ta ce ba ta so, ya matsa, ta yi kuka, a shafin ƙarshe a sha biki. Na karanta har na ɗauka haka duniya take.

Malamin nan yana yi mata lesin da la'asar a gidansa, shekarunta sha biyar. Shi ke zuwa rumfata ya zaɓi irin waɗannan littattafan ya ce, "Kai mata, karatunta ya ƙara gudu." Ni da hannuna nake kai mata! Ran nan ta tare ni a zaure ta ce, "Baba, ba na son lesin ɗin nan. Rufe ƙofa yake, yana riƙe mini hannu." Kun san me na yi? Dariya. A raina na ce jan aji ne irin na littafi, a fili na ce, "Wuce ki tafi, malami ai uba ne." Sati uku tana zuwa. Yanzu ta ajiye makaranta, in na shigo gida ta shige ɗaki. Wane irin uba ne ni?

Jiya na ji an mayar da shi wata makarantar 'yan mata. In na kai ƙara sunanta zai zaga gari, uwarta kuma ta ji abin da na yi. In na yi shiru, ɗiyar wani ce a gaba.

Yau na iske shi a tashar motar Bakura yana loda kayansa, na tare shi da maganar. Ko kunya babu ya ce, "Haba Mai-littafi, ai ba ta taɓa cewa a'a ba."

Na ce, "Ƙarya kake. Ta faɗa. Ni ta faɗa wa, ni na koro maka ita. Ni da kai Allah zai tsayar."

To jama'a, ni yanzu me zan yi?