Ranar da Ilu Ya Koma Kara

Maigatari,
Jihar Jigawa.

Zuwa ga ƙanwata Fadimatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, Ya sauƙaƙa miki karatun jinya da zaman baƙunta a Malesiya. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana lallaɓawa maƙwabta. Kullum tambayarta ɗaya, wai har yanzu shinkafa kike ci safe da yamma? Na nuna mata kumatunki a hoto, ta ce kumburin yunwa ne.

Na zaɓi rubutu ne don ba na iya wannan magana a waya, gidan cike yake da kunnuwa. Batun yayanki Ilu ne. Tun da muka bi shawararki muka kai shi asibitin masu taɓin hankali yake shan magani, surutan nan sun ragu, yana wanka da kansa, yana salla a kan lokaci. Amma zaman ɗaki ya fara cinye shi. Mutumin da ya girma a kara yana dillancin shanu, sai ga shi duk Alhamis, ranar kasuwa, yana jiyo kukan dabbobi da ƙugin manyan motoci ta bayan katanga, ya zuba wa ƙofa ido, ko abinci ba ya taɓawa.

Ke kin ce a bar shi ya koma cikin mutane sannu a hankali, haka malamanku suka koya muku, haka kuma kike gani a asibitin da kike koyon aiki. Bappa kuwa ya ce atafau. Ya ce tun kaka da kakanni an san mai wannan lalura in ya taka kasuwa, to ya tafi ke nan. Ya sayo kwaɗo ya ɗana wa ƙofar zaure, ya damƙa mini makulli, ya ce yarinyar da aka raɗa wa suna a gabansa ba za ta koya masa ciwo daga ƙasar da ba su san darajar saniya ba. Fadimatu, na gaji. Ni ce mai ba da magani, ni ce mai gadi, ni ce kuma ke tsakanin maganarki da ta ƙanen mahaifinmu.

Alhamis da ta wuce Ilu ya same ni a madafi, ya tsuguna kamar mai neman gafara. Ya ce tunda ba za a bar shi ya fita ba, in aika a tambayo masa yadda kasuwar bijimai take bana. Daga nan ban iya ci gaba da tuƙin tuwon ba. Na kira amininsa Aminullahi ya zo da babur, tunda kin ce kada ya tafi shi kaɗai, na buɗe ƙofar. Yinin ranar a zaure na yi shi, duk babur ɗin da ya wuce sai na leƙa.

Bayan la'asar suka dawo, takalman Ilu duk kashin shanu. Bai yi ciniki ba, zama kawai ya yi a rumfar tsohon ubangidansa. Ya ce wasu sun ba shi hannu, wasu sun yi kamar ba su gan shi ba, har da wanda shi ya koya wa duba haƙoran shanu. Ya faɗa ba tare da fushi ba, sannan ya nemi ƙarin tuwo.

Bappa tun ranar bai amsa gaisuwata ba, kwanon da na aika masa a rufe yake dawowa. Ya ce wa Inna in ciwon ya tashi, alhakin yana wuyana. Ban musa ba, don ni ma ban san gobe ba. Ban karanta abin da kika karanta ba, yarda kawai na yi da ke. Saboda haka ki bar zancen ajiye karatu ki dawo taya ni, ban amince ba. Ki zauna ki koye shi da kyau, domin a kan maganarki na saɓa wa Bappa, kuma jibi ma zan sake buɗe ƙofar.

Inna tana sa miki albarka. Aminullahi da iyalinsa suna gaishe ki. Ilu ya ce in gaida malamar asibiti, yana kuma tambaya ko akwai kara a garinku.

Taki yayarki,
Asama'u.