Sharar Ƙarƙashin Injin

Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida yara, da fatan kuna lafiya. Mu ma lafiya lau, in ban da tarin nan nawa da ya ƙi tafiya. Shi ne ma ya mayar da ni ga biro da takarda. In na ɗauki waya na yi maganar minti biyu sai numfashi ya gagare ni, ke kuma na san halinki, ba kya barin mutum ya kai aya.

Direban da ke kawo miki gwangwanin hoda duk wata zai zo miki yau hannu Rabbana, sai wannan takarda kawai. Kada ki yi masa faɗa. Ba mantawa ya yi ba, ni ne ban ba shi ba, kuma ba zan ƙara aikowa ba.

Abin da nake roƙonki shi ne wadda ta rage a wajenki ki rufe ta. Kada ki tankaɗe, kada ki ɗura a kwalba, kada ki sayar wa kowa, har sai na yi miki bayani. Ranar Alhamis zan koma wajen likita in ji sakamakon hoton ƙirji. Akwai tambayoyin da nake so in yi masa tukuna, don kada in tayar miki da hankali a banza.

Sati uku ke nan ban leƙa masana'anta ba. Shekara ashirin da huɗu ina tsaye a bakin bututu ina cika buhu, ban taɓa zaman gida kwana uku a jere ba. Yanzu ga ni a kan kujera ina kallon maman yara tana shara tana cewa in ɗaga ƙafa. Na gaji, Auta. Ko na yi barci da gajiyar nake tashi.

Ki gaida kowa da kowa. Allah ya bar zumunci.

Yayanki

*

Yaya,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta ta a tsaye a ƙofar shago, direba yana ja da baya kamar zan cinye shi ɗanye. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Amma tun yaushe nake ce maka ka je asibiti kana cewa sanyi ne? Sai da ya zaunar da kai tukuna.

Zancen hoda kuwa ban gane masa ba. Ka ce in rufe. To in rufe in ci me? Ranar da baban yara ya rasu ya bar ni da uku, kai ne ka shigo da gwangwani na farko a kafaɗa ka dire a tsakar ɗaki ka ce, "Auta, share hawayenki, ga sana'a." Kai ka koya mini in tankaɗe da gyalen siliki sau biyu, in ɗiga turare, in ɗura a ƙananan kwalabe. Shekara ashirin da biyu ke nan. A layin nan babu mai tuna sunana na gaskiya, Mai Hoda kawai ake cewa. Daga kwanar famfo zuwa bakin titi babu jaririn da bai sha hodata a wuya da hammata ba. Mai aski yana saye, 'yan mata suna saye, har mai gyaran keke yana zuwa ya ɗiba ya barbaɗa a cikin taya. Ban taɓa jin wanda ya ce ko ƙaiƙayi ta yi masa ba.

In wani sabon manaja aka kawo muku ya hana ku ɗauka, ka faɗa mini kai tsaye, ba sai ka yi mini kwana-kwana ba. Ni ba yarinya ba ce, ko da yake har gobe a Auta kake ɗaukata.

Na rufe ta kwana biyu don girmanka. A rana ta uku matar tela ta zo ta ce in ba ta kwalba shida, 'yarta ce ke da ciki wata bakwai, tana tara mata kayan jariri. Ita 'yar da hodata aka raine ta, ga ta nan fata sumul. Da wane baki zan ce babu, ga kwalabe a jere a kan kanta tana gani? Na sayar mata. In laifi ne ka yi haƙuri.

Ka riƙa shan magani a kan lokaci, kada ka ba maman yara wahala. Ina gaishe ta da ɗawainiya.

Ƙanwarka

*

Auta,

Sallama da gaisuwa. Na ga amsarki, kuma ban ga laifinki ba, ni ne na yi miki magana rabi da rabi. Yau zan faɗa miki duka, ki zauna kafin ki karanta.

Dutsen da muke niƙawa, wanda ake rubuta talc a jikin buhunsa, daga rami biyu ake kawo shi. Na rami ɗaya ana kai shi ɗakin gwaji, a tantance, mu cika shi a buhu mai shuɗin layi. Shi ke tafiya wajen masu hoda da man shafawa. Na ɗaya ramin a buhu mai jan layi muke cikawa, na masu fenti ne da taya da tayil da takarda. Wannan babu mai gwada shi don jikin mutum, tunda ba don jikin mutum aka haƙo shi ba.

In an tashi aiki muna share ƙarƙashin injin, abin da ya zube mu raba. Rabon tsintsiya muke kiransa. Tun kafin in shiga wurin ake yi, shugaban ma'aikata ma yana da nasa kason. Shi ne abin da nake aiko miki. Kin ga ƙasan injin ɗaya ce, shuɗi ya zuba a nan, ja ya zuba a nan. Ba wai ban sani ba. Na sani sarai. Amma mu a wajenmu bambancin shuɗi da ja laushi ne kawai. Mukan murza tsakanin yatsu, in ya yi santsi kamar sabulu mu ce ya yi. Shi ya sa na ce ki tankaɗe sau biyu, a zatona gyalen siliki yana mayar da ja shuɗi.

Likita ya ɗora hoton ƙirjina a jikin fitila ya nuna mini tabo fari-fari a huhu biyun. Ya ce ƙurar da na shaƙa ce, kuma ba ta fita. Ya ce a wasu wurare dutsen hoda yana maƙwabtaka da wani ma'adini da ake kira asbestos, mai zare siriri da ido ba ya gani, shi ya sa ake gwada na kwalliya. Na ce masa ai muna tankaɗewa da siliki. Ya dube ni ya ce, "Baba, siliki ba ya tare shi."

Sai na ba shi labarinki. Na ce, "Likita, yaran fa?"

Ya ce, "Gaskiya ban sani ba. Mai yiwuwa babu abin da zai same su. Mai yiwuwa ma ramin naku ba shi da shi, sai an gwada za a gane. Amma tunda ba a sani ba, a daina barbaɗa wa jarirai. Ko mai tsabtar ma ba a so jariri ya shaƙe ta."

Ya ce ke da kike tankaɗe ki je a duba ƙirjinki. Ya ce wadda ta rage a jiƙa ta da ruwa kafin a taɓa, kada a share ta a bushe.

Saura abu ɗaya, shi ne mai nauyin. Kwalaben da ke gidajen mutane, Auta. Rufe shago ba zai kwaso su ba, sai kin gaya musu. Na san abin da nake ɗora miki.

Allah ya yafe mini, ke ma ki yafe mini.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Na zauna kamar yadda ka ce, kuma gara da na zauna.

Na yi abin da likitanka ya faɗa. Na ɗaure hancina da ɗankwali, na kwarara wa gwangwanin ruwa har ya zama kamar kwaɓin siminti, na juye kwalabe hamsin da ɗaya a ciki, na rufe na ɗaure da waya. Gyalen ma na jefa shi ciki. Na wanke kanta, na wanke bango, na goge saman ƙofa da jiƙaƙƙen tsumma. Ashe ko'ina ta shiga, har cikin agogon bango. Ina wankewa ina tuna yadda nake tankaɗe da ƙaramin nan goye a bayana, in na gama in same shi fari fat har gashin ido, in yi ta dariya. Da na tuna wannan sai na ajiye tsumman na yi kuka na ƙoshi.

Amma zancen in gaya wa mutane, Yaya, ka bar shi. Ba zan iya ba. Kai kana can, ni ce nake zaune a layin nan. In na buɗe baki, duk yaron da ya yi tari daga yau har tashin duniya ni ce. Duk wadda ta rasa ɗa shekara goma da suka wuce za ta zauna ta yi tunani, ta zo kaina. Kuma a kan me? A kan "mai yiwuwa". Shi kansa likitan ya ce bai sani ba. In zubar da mutuncin da na tara shekara ashirin da biyu a kan abin da mai ilimin ma bai sani ba?

Na ce musu kamfani ne ya daina yi. Sun yi ta jajanta mini. Sai dai abin da ban zata ba, yanzu kowa lallaɓa tasa yake yi kamar zinariya. Mai aski ya ɓoye tasa sai manyan kwastomomi. Matar tela ta zo har shago tana murna, wai Allah ya taimake ta ta saya da wuri, ta ce, "Mai Hoda, ko ɗiba ban bari an yi ba, duka shidan na jikana ne." Na ce Allah ya sauke ta lafiya. Muryata ko rawa ba ta yi ba, har mamakin kaina na yi.

Asibiti ban je ba tukuna. Na sa sabulu da man gashi a kan kanta, ana ɗan saye. Da rana ina zaune ina kallon titi, ba na son a gaishe ni, ba na son a wuce ba a gaishe ni ba. Kada ka sake tayar mini da maganar nan, don Allah.

Ka gaida maman yara. Allah ya ƙara sauƙi.

Ƙanwarka

*

Auta,

Assalamu alaikum. Rubutun da kike gani na maman yara ne, ni nake faɗa tana rubutawa, ba ni da ƙarfin yin dogon rubutu yanzu. Tana gaishe ki.

Kin ce kada in tayar, na yi shiru wata guda da rabi. Direba ya zo sau biyu ya koma ban ba shi komai ba. Amma na ƙirga, 'yar tela ta kusa.

Ba zan ce miki hodar nan za ta cutar da jaririn ba, ban sani ba. Abin da na sani shi ne daga gado zuwa bayan gida sai na huta sau biyu. Ni ma shekara ashirin da huɗu babu abin da ya same ni, har ranar da ya same ni.

Kin ce mutuncinki. Gaskiyarki ne, kuma ba ke kika jawo ba. To ga mafita. Ki ce musu ni ne. Ki ce yayanki ya cuce ki, ya riƙa aiko miki da shara yana ce miki mai kyau ce, ke ba ki san komai ba. Ba ƙarya kika yi ba. Ki nuna musu wannan takarda in sun so, na sa hannu a ƙasa da kaina. Su zage ni, su tsine mini, ba a layinku nake ba, kuma ba na jin zan daɗe ina jin zagin. Ke dai ki karɓo kwalaben.

Na gaji da magana. Ki huta lafiya.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaishe ka, ya jiki?

'Yar tela ta sauka shekaranjiya, mace. Jiya da safe na shiga, ɗaki cike da mata, an gama yi wa jaririyar wanka, kakar ta buɗe kwalba ta zazzaga a tafin hannu. Na riƙe hannun nata. A nan na faɗa, a gaban kowa.

Daga nan na bi layi gida-gida da bokitin ruwa. Gida talatin da huɗu. Wasu sun miƙo, wasu sun rufe ƙofa, matar mai aski ta wanke ni tas a bakin titi. Yau ban buɗe shago ba, babu kuma wanda ya ƙwanƙwasa.

Sun tambaye ni wa ke kawo mini. Na ce ni nake nemo abata, ni na tankaɗe, ni na sayar. Takardarka tana cikin akwati, babu wanda zai gan ta. Ka bar mini wannan, Yaya, wanda ke ƙirjinka ya ishe ka.

Ina nan tafe ranar Asabar tare da direba. Ka jira ni.

Auta