Na Huda Ta Hagu

Daren Talata, Daura

Yau na tafka abin kunya. Malam Sani na Zango ya kawo littafin ajami da marigayi mahaifinsa ya rubuta da hannu, in yi masa bangon katako. Na goge katakon maɗaci ya yi sumul, amma hannuna ya saba da littattafan boko, sai na huda takardun ta hagu maimakon dama. Basilla ta cinye bayanan da tsohon ya rubuta a gefe.

Da ya zo karɓa, ya daɗe yana shafa wurin da yatsa. Ya ce, "Ba komai, Malam Idi, katakon ya yi kyau."

Wallahi da zagina ya yi, da na iya cin tuwo.