Bishiyar Baba da Numfashin Takwarata

Zuwa ga ƙanena, Autanmu,

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu ma muna nan ƙalau, in ka cire gwiwata da ke yi mini gardama kowace safiya.

Maganar jikata ce, takwarata, ta sa na ɗauki alƙalami. Shekara uku ke nan, da bishiyar da Baba ya dasa a tsakar gida ta fara fure, sai yarinyar nan ta kama atishawa, ido ya yi ja, hanci na zuba. Ni kuwa ka san ni da taurin kai, na ce mura ce, kuma mura ba ta fi ƙarfina ba. Na dafa citta da kanumfari na sa zuma, na wanke mata hanci da ruwan gishiri mai ɗumi. Tana samun sauƙi, ba zan yi wa zuma butulci ba, amma kwana biyu abin ya dawo. Da na ga haka sai na tuna siracen da Baba ke yi mana. Na tsinko furen bishiyar, na zuba a ruwan zafi, na lulluɓe ta da zane. Zanen ma a ƙarƙashin bishiyar nake shanya shi.

Ran nan numfashinta ya sarƙe a hannuna, ƙirjinta na fito kamar usur. Uwarta ta saɓe ta sai asibiti, ina biye da su. Likita, wata 'yar siririya da na girmi uwar da ta haife ta, ta tambaye ni abin da nake ba yarinyar, na lissafa ina taƙama. Ta ce zuma da ruwan gishiri in ci gaba, amma ƙurar furen nan ce jikin yarinyar ba ya so. Ana zaton wuta a maƙera, sai ga ta a masaƙa. Ashe ni ce nake dafa cutar, in kai mata har ƙarƙashin zane.

Na san ka ce kada wanda ya taɓa bishiyar nan muddin kana raye. Auta, na taɓa. Mun gwada rufe tagogi, mun gwada rage rassa, yarinya ta zama fursuna a gidan kakanninta, tana leƙen tsakar gida ta gilashi. Baba da bakinsa ya ce don jikoki ya dasa ta, su sha inuwa. Ranar Talata masu sara suka zo. Ban iya kallo ba, na shige ɗaki na rufe ƙofa.

Kafinta ya fitar da kujeru biyu daga gindin bishiyar. Ɗaya taka ce, tana jiranka. In faɗa za ka yi mini, ka zo ka zauna a kanta ka yi, zan saurara. Ɗayar kuwa takwarata ce a kai yanzu haka, a tsakar gida, cikin rana, tana numfashi ba na jin ƙararsa.

Ka gaishe mini da maiɗakinka, da 'yan biyu, da sarkin surutun nan naka. Takwarata da uwarta suna gaishe ku.

Taka har kullum, ko ka yi fushi,
Yayarka