Butar Babanmu

Kaifeng, 3 ga Rajab

Zuwa ga ƙanena Wenbin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya sanyin Shanghai, ya tarin nan naka? Ta hannun Alhaji Ding mai fatu na aiko wannan, don yanzu sai an buɗe wasiƙa a gidan waya kafin ta wuce.

Jaridarku ta shigo gari a ɓoye. Na ga zanenka na Janar mai mulkin garinmu yana wanke jinin manoma daga hannunsa, na ga ɗan sauron da kake zanawa a gefe maimakon suna. Kwana biyu ana dariya. Rana ta uku dariya ta ƙare.

Wenbin, da me ka sa shi wanke hannu? Da buta, soja na zuba masa, ruwa na gangarowa ƙasa. Ka manta maƙwabtanmu a kwano suke tsoma hannu? Mu Musulmi ne kaɗai ke wanke hannu da ruwa mai zuba. Wani hafsa mai ido ya lura, ya ce lallai Sauro ɗan unguwar masallaci ne. To, wa ke zana buta a unguwarmu? Baba Sha, wanda ya shekara arba'in yana zana ta a allunan mahauta don a san naman halal ne, wanda ya fara riƙe maka hannu a kan buroshi. Ranar Talata suka tafi da shi, fenti bai bushe a yatsunsa ba.

Ga abin da ban gaya wa kowa ba: butar babanmu ce ka zana. Ga lanƙwasar bakinta, ga facin tagullar nan a cikinta.

Allah ya nuna maka abin da ya dace.

Yayarka,
Shulan

*

Shanghai, 7 ga Rajab

Yaya Shulan,

Wa alaikumus salam. Tari yana nan, shi kaɗai ne abokin da bai taɓa guduna ba.

Wallahi ban san na zana ta ba, hannu ne ya bi inda ya saba. Da na gaya wa edita, cewa ya yi, "Kai Sauro, shekara bakwai kana cizon manya ba a kama ka ba, sai buta ce za ta tona ka?" Na ce, "Kai da rabonka da wanka tun zamanin sarakuna, ina za ka san buta?" Muka yi dariya. Tun ranar abinci bai wuce mini ba.

Ki kwantar da hankali. Jibi sabon zane zai fito: Janar yana harba igwa a kan sauro, ya rushe gidan kansa, sauron na zaune a kan hancinsa. Idan suka ga Sauro na cizo alhali tsoho na kulle, dole su sake shi. Ko jaki ya gane wannan.

Ki ɓoye butar. Ki gaishe da matan makaranta.

Ƙanenki,
Wenbin

*

Kaifeng, 17 ga Rajab

Ƙanena,

Sallama da gaisuwa. Zanenka ya iso, an gani. Sun ce tsohon ya tara zane-zane ya aika tun kafin a kama shi. Hancin nan da ka ƙara wa tsawo, Baba Sha ne ya sha dukansa.

Shekaranjiya hafsan ya shigo masallacinmu na mata muna tsakiyar karatu. Goggo Bai, wadda ba ta da sauran haƙori ba ta da sauran tsoro, ta ce, "Ɗan nan, cire takalmi ko ka fita, nan ba bariki ba ne." Ya yi murmushi, bai cire ba. Ya bi butocin alwala ɗaya bayan ɗaya yana juyawa, yana duba jarida. Sannan ya ce, "Malama, ke da kika san cikin kowane gida, wa kuma ya iya zane a unguwar nan?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni karatu nake koyarwa." Ya ce, "Ba shi na tambaya ba." Na yi shiru har ya fita.

Ban yi ƙarya ba, Wenbin, amma na san a wurin Allah tsakanin shirun nan da ƙarya bai kai silin gashi ba. Butar babanmu tana ɓoye cikin tulun garin alkama. Duk sallar da na tayar, can zuciyata take.

Jiya aka bar ni na kai wa Baba Sha kunu a kurkuku. Hannunsa na dama a naɗe yake da tsumma, da hagu ya karɓa. Ya matso ya ce, "Ki ce wa ja'irin nan mariƙin butar ya yi ƙanƙanta, ba haka na koya masa ba." Ka ji? Ya sani. Tun ranar farko ya sani, bai faɗa ba.

An manna sanarwa a ƙofar gari: ranar ashirin da bakwai za a harbe shi.

Yayarka,
Shulan

*

Shanghai, 21 ga Rajab

Yaya,

Gaisuwa. Yau babu wasa.

Na sake zana butar, ita kaɗai, shafi guda, da facinta. A ƙasa babu sauro, sunana ne cikakke da sunan babanmu da na unguwarmu. Edita ya ce, "Ka haukace? Daga yau ba ka da gida." Na ce na sani.

Ni a nan hannunsu ba ya kaiwa. Ke ce a bakinsu. Idan sunan gidanmu ya fito, ƙofarki za su fara bugawa, su riƙe ki har sai na zo. Don haka ba zan bari a buga ba sai kin bar gari. Alhaji Ding zai sa ki a jirgin ƙasa. Kina isa Xuzhou ki bugo waya, a ranar za a buga. Don girman Allah, Yaya, sau ɗaya a rayuwarki ki ji maganar ƙaninki.

Wenbin

*

Kaifeng, 25 ga Rajab

Ƙanena,

Amincin Allah ya tabbata gare ka. Na ji daɗin wasiƙarka, yau na san tarbiyyar babanmu ba ta faɗi ƙasa ba.

Amma jaridarka kwana huɗu take a hanya, Baba Sha kuwa kwana biyu suka rage masa.

Da safen nan na fito da butar, na wanke garin da ke jikinta, na yi alwala da ita. Goggo Bai za ta riƙe karatu. Ina rufe wannan takarda zan ɗauke ta zuwa bariki, in ba hafsan amsar tambayarsa.

Idan wasiƙa ta zo maka da sunana tana cewa ka dawo, ba ni na rubuta ba. Kada ka zo.

Ka buga sunanka da manyan baƙaƙe. Ka gyara mariƙin.

Yayarka,
Shulan